Tambulan Ɗaya da Na Haɗa wa Baba

Rahila, ke kika tayar da maganar nan ranar da kika dawo daga biki a ƙauyenmu na kan dutse. Kika tsaya a bakin ƙofa, jaka ma ba ki ajiye ba, kika ce wata tsohuwa ta nuna ki da baki ta ce wa ta kusa da ita, ga 'yar wanda ya shayar da ubansa barasar Turawa har ya mutu. A ranar ban ba ki amsa ba, na ce ki je ki yi wanka ki huta. Yanzu ido ya fara gajiya, uwarku kuma ba ta nan balle ta gyara mini inda na karkace, don haka gara in faɗa muku yadda abin ya kasance, ke da Yusufu. Da Hausa zan faɗa, tunda da ita muka raine ku. Yaren dutse bai zauna a bakinku ba, ni kuma har uwarku ta rasu ban iya nata na wajen Mindif ba.

Mu biyu ne maza da muka rayu a ɗakin uwarmu. Tize ne babba, ni ne Zira, don a wurinmu Kapsiki sunan yaro shi ke faɗin ko shi ne na nawa. Bulus ɗin da kuka sani a coci na same shi daga baya. Tize mutumin gona ne tun yana ƙarami. In ruwa ya rushe jerin duwatsun da ke riƙe ƙasa a gefen tudu, shi ke tayar da su, kuma in ya ɗora dutse ba ya sake faɗuwa. Ni kuwa hannuna bai taɓa son fartanya ba. Na bi motar auduga na sauko Garwa, na yi dako a bakin Binuwai, daga nan na samu wankin kofuna a wani otal na wata tsohuwar Bafaransa da mijinta ya mutu ya bar mata wurin. Madam muke ce mata. Ta ga ba na fasa mata kaya, ba na kuma shanye ragowar baƙi, sai ta tsayar da ni a bayan kantar barasa ta fara koya mini haɗa abin sha.

Akwai wani haɗi da ita kanta take sha da yamma in zafi ya sauka. Wiski da barandi daidai wa daida, da jan bermut gwargwadon haka, sai ɗan cokali na wata barasa mai zaƙi mai ƙanshin ganyaye, a ƙarasa da ɗigon ɗaci. Sunansa da Faransanci kalma biyu ne. Ta farko tana nufin tsoho, ta biyu kuma in ta faɗa sai ka rantse kare ta ce. Shi ke nan mu ma'aikata muka sa masa Tsohon Kare. Na daɗe ina haɗawa tana ɗanɗanawa tana zubarwa kafin ranar da ta sha ba ta zubar ba, kuma daga ranar baƙi suka fara tambaya ko Bulus yana nan kafin su zauna.

Baba bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. A wurinmu mace ke dafa giya, maza su zauna su sha a ƙwarya ɗaya tana zagayawa. Namiji ya tsaya da farar riga yana zuba wa baƙi suna zaune, wannan bai ga kansa ba. Shigata coci bai dame shi kamar haka ba. In aka tambaye shi ina Zira, sai ya ce yana Garwa, ya rufe baki. In aka tambayi Tize kuwa, sai ya nuna rumbu.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta, ke Rahila kin fara zuwa makaranta, Yusufu yana goye. Bayan an gama girbi Tize ya sauko da Baba. Da na gan shi a tasha da ƙyar na gane shi. Mutumin da yake hawa tudu da dami a ka yana waƙa, ga shi ciki ya kumbura, ƙafafu sun yi nauyi, farin idonsa ya koma kamar ruwan ƙwai. Muka kai shi asibiti aka yi gwaje-gwaje. Ranar da za a faɗi sakamako aka ce mutum ɗaya kawai zai shiga da shi, mai jin Faransanci, sai Tize ya zauna a waje a kan benci da buhun kayansu. Likitan mutumin kudu ne, mai magana a hankali. Ya yi mini bayani yana kallon tebur, ya gama ya fita ya bar mu.

“Me ya ce?” in ji Baba.

“Ya ce kada ka ƙara shan giya.”

“Wannan da baki ya faɗa. Me ya faɗa da ido?”

Na ce masa hanta ce ta lalace kuma ba ta gyaruwa, likita ya ce da wuya ya ga girbi mai zuwa. Baba ya jinjina kai kamar an gaya masa farashin gishiri. Ya daɗe yana duban yatsun ƙafarsa, sannan ya miƙo mini hannu.

“Ba za ka gaya wa Tize ba. Na san ɗana. Zai sayar da san da muke kiwo, ya bar gyaran gona, ya zo ya zauna yana kallona. Damina ba ta jiran mai makoki. Yara ba za su kwana da yunwa saboda tsoho ɗaya ba. Riƙe hannuna ka ce ka ji.”

Na ce, “Baba, yayana ne.”

“Ni kuma ubanka ne. Riƙe.”

Na riƙe. Da muka fito na gaya wa Tize rabin da aka yarda in faɗa, na ga fuskarsa ta saki.

“In dai giya ce, da sauƙi,” in ji shi. “Amma a gida ba zan iya hana shi ba, duk gidan da ya shiga sai an miƙa masa ƙwarya. Ka riƙe shi a nan, Zira, har ya samu ƙarfi. A hannunka na bar shi.”

Washegari ya hau mota ya koma da murnarsa.

Haka Baba ya zauna da mu duk tsawon bazarar nan. Kun san zafin Garwa, wanda mutum zai zuba ruwa a tabarma kafin ya kwanta. Baba da ya saba da iskar kan dutse bai iya zaman ɗaki ba, sai muka shimfiɗa masa a gindin mangwaron tsakar gida. Uwarku Marta ita kaɗai na gaya wa gaskiya, kuma ta riƙe shi kamar ubanta. Kunun gyaɗa da safe, romon kifi da rana, in ya ture ta sake kawowa. Ba su da yare ɗaya sai guntun Fulatanci, amma kullum sai ka ji suna gardama a kan gishiri. Maƙwabcinmu Alhaji Abakar, wani ɗan kasuwa mutumin Kuseri da ke kawo atamfa da shinkafa, yakan shigo da hantsi ya ce “Jam na, Baba?” ya zauna a gefen tabarmar. Shi yana yabon kogi, yadda kwalekwale ke tsallaka Logon da kaya har baki, Baba kuma yana cewa mutumin da bai taɓa kallon gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa ba bai ga duniya ba. Ba wanda ya taɓa kayar da wani. In iska ta kaɗo daga wajen unguwar Yalwa da ƙanshin bilbil, giyar dawar da mata ke dafawa, sai in ga hancin Baba ya motsa, amma bai taɓa roƙo ba. Cewa yake giyar birni ruwan wankin tukunya ce, ba ta kai a karya dokar likita dominta ba.

Wata rana ina guga farar rigata ta aiki a bakin ɗaki, ya daɗe yana kallona, sai ya ce:

“Wannan abin da kake yi wa Turawa, ana iya yinsa a gida?”

Na ce ana iya yi in da kayan.

“Ina so in gani. Na tsufa ban san abin da ɗana ke yi da hannunsa ba. In na je can aka tambaye ni, me zan ce?”

Na san can ɗin da yake nufi. Na ce masa zan duba. Da na shiga madafa na tarar Marta ta ji komai, tana tsaye da muciya a hannu.

“Baban Rahila, kada ka yi.”

Na ce mata tambulan ɗaya ba zai ƙara wa abin da ke cikinsa komai ba, ita ma ta sani.

“Ni ban ce zai kashe shi ba,” in ji ta. “Na ce za a ce. Kai ka gaya wa yayanka da bakinka cewa giya ce aka hana. Ka yi tunanin ranar da zai ji.”

Na ce wa zai gaya masa? Ta ce magana ba ta da ƙafa amma tana hawa dutse. Muka yi kwanaki muna jan zancen. Da na mayar da Baba asibiti a zuƙe masa ruwan ciki, na ja likita gefe na tambaye shi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce a inda aka kai yanzu, in ba tsohon abin da ransa ke so, kaɗan. Amma ba maganar likita ce ta sa na yanke shawara ba. Tun ina yaro nake jiran ranar da Baba zai tambaye ni abin da na iya. Sai ga ta ta zo, kuma na san ba za ta zo sau biyu ba.

Na gaya wa Madam. Ta shiga ciki ta fito da ƙananan kwalabe ta zuba mini kowanne gwargwado, ta ɗauko barandin da ba ta ba kowa sai kanta. Ta haɗa mini da tambulan mai kaurin gindi da dogon cokali, ta ce in dawo mata da su lafiya. Ranar Lahadi bayan mun dawo coci mun ci abinci, rana ta fara karkata, na aika a sayo ƙanƙara a gidan Alhaji Abakar, don matarsa ke da firji a layinmu. Sai ga shi da kansa ya kawo, naɗe a buhu. Ya dubi kwalaben da na jera a kan tire bisa kifaffen turmi, ya dubi Baba, ya yi murmushi.

“Ni zan je in yi la'asar,” in ji shi. “Idona ba ya gani sosai da yamma.”

Na sa farar rigata, don Baba ya ce yadda nake yi a can yake so ya gani. Na durƙusa a gabansa na fasa ƙanƙara da bayan cokali, na zuba a wani kofi babba. Na auna wiski, ya ce in ba shi ya shinshina. Ya tambaya da me ake yi, na ce da hatsi. Barandi fa? Na ce da 'ya'yan inabi.

“Ashe su ma manoma ne,” ya ce.

Na zuba bermut, na ɗiga mai zaƙin a cokali, na sa ɗacin. Sai na fara juyawa. Wannan haɗin ba a girgiza shi, juyawa ake yi a hankali, bayan cokali yana bin jikin kofi, har sai sanyi ya fito waje ya kama yatsunka. In ka yi gaggawa ya yi zafi a maƙogwaro, in ka daɗe ya zama ruwa. Ba wanda zai gaya maka lokacin, hannu ne ke sani. Ina cikin juyawa na manta da kowa, kamar yadda nake mantawa a wurin aiki. Na tace a tambulan a kan dunƙulen ƙanƙara guda, na yanko ɓawon lemo siriri, na murɗa shi a sama har mansa ya fesu, na goga a baki na jefa ciki. Na miƙa masa da hannu biyu.

Bai sha nan da nan ba. Ya ɗaga tambulan ɗin ya kalli rana ta cikinsa, ja kamar ruwan goro. Sannan ya karkata shi ya zuba kaɗan a gindin mangwaro, yana kiran sunan ubansa da kakansa da uwarmu, yana ce musu ga abin da Zira ya dafa, su ɗanɗana. Marta da ke bakin madafa ta juya fuska. Sai ya kurɓa. Ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya yi tari har hawaye suka fito. Da ya dawo daidai ya tambayi sunansa, na faɗa masa yadda muke kiransa da abin da yake nufi. Dariyar da ya yi ban ji irinta ba tun zuwansa.

“Sunan ya dace. Ba ya haushi, sai ka wuce ya kama ka ta baya.”

Ya sake kurɓa, a hankali wannan karon, yana jin ƙanƙarar tana taɓa leɓensa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Uwarka haka take juya tukunya. In tana juyawa ko gida na ci da wuta ba ta ɗaga kai. Duk ƙauyen ba wadda giyarta ta kai tata. Na ɗauka ta tafi da hannun nan. Ashe a wurinka ta bar shi.”

Ya sha kamar rabi, ya miƙo mini sauran, ya ce ba a shan giya mutum ɗaya, ko ta Turawa ce. Na sha a inda bakinsa ya taɓa. Muka zauna har inuwa ta cika tsakar gida yana ba ni labarin ƙuruciyarsa da na mutanen da ban taɓa sani ba. Wannan shi ne duk abin da ya sha a gidana, rabin tambulan, sau ɗaya. Washegari ya tashi yadda ya kwanta, ya sha kununsa, ya yi gardamarsa da Alhaji.

Da gajimare suka fara haɗuwa ta gabas ya ce in mayar da shi gida, ba zai mutu a inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma ba. Alhaji Abakar ya sa direbansa ya ɗauke mu a gaban motar kaya har Mokolo, daga nan muka ƙarasa. Tize ya tarbe mu yana mamakin yadda Baba ya rame, na ce masa zafin Garwa ne. Baba yana kallona ina faɗa. Na ga gonar an gyara ta tsaf, san yana nan ya yi ƙiba, duk yadda tsohon ya so. Na kwana biyu na koma bakin aiki.

Abin da ni da Marta ba mu taɓa kawowa ba shi ne Baba da kansa zai ba da labari. Duk tsohon da ya zo gaishe shi sai ya gaya masa cewa Zira yana haɗa wata giya da dutsen ruwa a ciki, wadda manyan mutane ke tasowa daga nesa su sha, kuma shi ya sha, ya ba kakanni ma sun sha. Da alfahari yake faɗa. Shekara da shekaru yana cewa yana Garwa ya rufe baki, sai yanzu bakin ya buɗe. Dawa ta kai gwiwa ya rasu.

Na hau dutse da Marta. An yi masa duk abin da ake yi wa dattijo, maƙera suka ɗauke shi a kafaɗa, aka yi kiɗa aka yi rawa. Na lura mutane suna amsa gaisuwata a gajarce, na ɗauka baƙin ciki ne. Da aka zauna shan giyar makoki, ƙwarya ta zagayo ta hannun Tize, ya tsallake ni ya miƙa wa na gaba. Bayan an watse ya kira ni bayan rumbu.

“Kai ka ce mini likita ya hana shi giya.”

Na ce haka ne.

“Na bar shi a hannunka don kada a ba shi ta dawa, sai ka ba shi ta Turawa mai ƙuna kamar wuta. Ya tafi da ƙafarsa, ka dawo mini da shi ƙashi da fata.”

Tunda wanda na yi wa alkawari ya tafi, sai na faɗa masa komai. Abin da likita ya ce, da yadda Baba ya sa na riƙe hannunsa, da dalilinsa na sa da gona da yara. Ina tsammanin in ya ji zai huce. Da farko ya ce ƙarya nake yi don in wanke kaina. Na ce ya tambayi Marta, ya san ba ta ƙarya. Sai ya tsaya yana kallona, na ga maganar tana shigarsa, na ga fuskarsa tana canjawa zuwa wani abin da ya fi fushin farko muni.

“To ka sani,” ya ce a hankali. “Tun ranar da nake zaune a kan bencin nan ka sani. Kai ka samu bazara guda kana zaune da shi kana jin maganarsa, ka san ta ƙarshe ce. Ni ina nan ina ɗora duwatsu. Da ya dawo ma ina barinsa da mata in tafi gona tun asuba, ina cewa in an gama shuka ma zauna. Ranar da ya mutu ina gona, Zira.”

Na ce, “Yaya, shi ya hana ni.”

“Shi tsoho ne mai ciwo. Kai lafiyarka ƙalau.”

Ya juya ya tafi. Bai taɓa gaya wa mutanen ƙauye abin da na faɗa masa ba, bai kuma ƙaryata zancen barasa ba. Ya bar shi ya yi ta yawo, shi ne har ya iso kunnenki bayan shekaru masu yawa. Ina jin ya fi masa sauƙi a ce ƙanensa ya yi wauta da a ce ubansa ya zaɓi ya ɓoye masa.

Na mayar wa Madam tambulan ɗinta da cokalinta. Na ci gaba da aiki har ta sayar da otal ɗin ta koma ƙasarsu, na yi wa waɗanda suka saya aiki har ƙafafuna suka gaji da tsayuwa. Amma a gida ban ƙara haɗa wa kowa komai ba, shi ya sa ba ku taɓa ganin kwalba a ɗakina ba, ba wai don coci ba kamar yadda kuke zato. Kowace shekara bayan girbi Marta takan haɗa sabulu da gishiri da busasshen kifi ta aika kan dutse. Matar Tize takan aiko da gyaɗa da wake. Matan suka riƙe zumuncin da igiya siririya, mu kuwa ko gaisuwa sai ta bakin wani. Na je sau da dama. In na shiga ta ƙofa sai a ce ya tafi gona, ko da rani ne.

Kada ku ɗauka ina da-na-sanin tambulan ɗin nan. Da za a dawo da Lahadin, da na sake fasa ƙanƙarar. Abin da nake juyawa a raina shi ne hannun da na riƙe a asibiti. Baba ya yi gaskiya, shekarar nan rumbun Tize ya cika, ba yaron da ya kwana da yunwa. Tize ma ya yi gaskiya, an ɗauke masa abin da ba a iya mayarwa, kuma ba a tambaye shi ba. Ni ne a tsakiya, kuma har yau in na auna ban san wanne ya kamata in bi ba. Abin da na sani shi ne na samu uba a yammaci ɗaya, na rasa yayana har ƙarshen rayuwa.

Ganina da Tize na ƙarshe, shekarar da uwarku ta rasu ne. Aka aiko cewa Tize ba ya tashi, idonsa ma ya tafi. Na hau da sanda, ina hutawa a kan duwatsun da shi ya jera. Wannan karon ba gonar da zai tafi. Na same shi a zaune a ƙofar ɗakinsa yana jin rana, ya tsufa ya koma Baba sak. Na durƙusa na gaishe shi, ya gane muryata. Ya yi mini ta'aziyyar Marta, ya ce mace ce ta kirki. Ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Can sai ya ce:

“Ranar da ya sha abin nan naka, ya ambace ni?”

Na ce ya ambace shi. Na gaya masa abin da Baba ya ce a gindin mangwaro, cewa shi bai taɓa jin tsoron mutuwa ba tun ranar da ya ga Tize ya tayar da katangar gona shi kaɗai yana saurayi, don ya san gidan ba zai faɗi ba. Gaskiya ce, haka ya faɗa, kuma na daɗe ina ɗauke da ita ban samu kunnen da zan zuba ba.

Tize ya sunkuyar da kai. Na ga hannunsa ya taso daga gwiwa kamar zai nemi nawa, na matso kusa. Sai hannun ya koma inda yake. Ya juya wajen ɗakin matarsa ya ɗaga murya kaɗan.

“A kawo wa baƙo ruwa, ya sha hanya.”

Aka kawo a ƙwarya, na sha. Na zauna tare da shi har rana ta bar ƙofar, sannan na yi sallama na sauko. Kafin a yi girbi aka aiko ya rasu.

'Ya'yansa ba su san komai a cikin wannan ba sai abin da tsofaffi ke faɗa, ku ma sai yau. In an yi haihuwa ko rasuwa a gidan, ku hau ku je, ko an gayyace ku ko ba a gayyace ku ba. In an ba ku ruwan baƙo ku sha, ku kwana, da safe ku ɗauki fartanya ku bi su gona.